Bargo da Likkafani a Akwati Ɗaya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunan jikana wani lokaci sai na yi ta lalube kafin in kamo shi. Amma shirin akwatin da maigidana ya tafi da shi Ingila, wannan kam sai ranar da aka mayar da ni ƙasa zai fita daga kaina. Ban taɓa ganin Ingila ba, ko Katsina ma ban taɓa wucewa ba. Duk da haka ƙasar nan ta hana ni zama wuri ɗaya, alhali ina Kurfi a tsakar gidan surukaina.

A lokacin, Turawa ba su yi wani daɗewa da zuwa ba, don akwai ƙauyukan da in an ce Bature ya sauka, mata sai su kwashe yara su shige gero. Maigidana masaƙi ne, kuma ba don mijina ne ba, hannunsa yana da kyau. Di'o, wato Baturen mulki, ya zo rangadi aka shimfiɗa masa wani gwado a masauki, ya shafa, ya tambayi wanda ya saƙa. Mu har mun manta da zancen, sai ga ɗan aiken hakimi wai za a kwashi masu sana'a a kai su Ingila, su zauna su yi aikinsu mutanen can suna kallo. Daga wajenmu an zaɓi mutum biyu, shi da wani maƙeri na Rawayau. A zamanin nan in hakimi ya ce an zaɓe ka, godiya kake yi ko da ranka bai so ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ƙirjinsa ne. Tun yana yaro ya yi ciwon haƙarƙari, da ƙyar ya tashi, kuma tun daga nan in ruwa ya dake shi sai ya yi ta tari har a ji shi daga zaure. Ni na san wannan fiye da kowa, don ni ke dafa citta da kanumfari, ni ke jawo masa kaskon wuta. To, ranar da ya dawo daga gidan hakimi yana ba mu labari, sai ya ce wai tafinta ya gaya musu za su iske ƙasar a lokacin da ganye ke zuba, kuma a can sanyi da ruwa tare suke zuwa. Ya faɗa yana dariya, gidan duka aka yi dariya. Inna, wato uwarsa, ta ce tafintan nan dai ya cika ƙarin gishiri, ina aka taɓa yin haka? Kowa ya san sanyi yana da watanninsa, sama a bushe ƙayau, ruwa kuma yana da nasa, da ɗuminsa yake sauka. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba, kuma daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Aka aiko da akwatin kwano baƙi, ɗan madaidaici, wanda mace za ta ɗauka a kai ba tare da an taya ta ba. Ɗan aiken ya ce abin da ya shiga shi ne zai tafi, sai kuma abin da ke jikin mutum. Masaƙarsa an riga an ɗaure ta an yi gaba da ita. Aka ajiye akwatin a ɗakina, tunda shirya wa miji kaya aikin matarsa ne, amma kada ku ɗauka an bar ni na yi aikin. Inna ta kawo kore, baƙar rigar nan mai sheƙi da ta sha bugu, da wando da rawani, don hakimi ya ce kada a je a ba ƙasa kunya. Ta kawo kuka da daddawa da yaji, ta ce ba ta yarda da miyar Nasara ba. Wani maƙwabci ya kawo malafa da kabido na kaba saboda ruwa, muka juya su ta kowane gefe suka ƙi shiga. Wata ta ce a sa gwado saboda sanyi, wata ta ce ai wanda ke shirin damina ba ya ɗaukar gwado. Kowa ya shigo sai ya tambaye ni, to wai sanyin za a shirya wa ko ruwan? Ni kuwa in ce duka, sai a dube ni kamar na zautu.

Shi gogan naku ko a jikinsa. Mutum ne da ko rufin ɗaki ya kama wuta sai ya kai ƙarshen layin saƙarsa kafin ya ɗaga kai. In na yi masa maganar tari sai ya ce Allahn Kurfi shi ne na Ingila. Na san gaskiya ya faɗa, amma a lokacin ji nake kamar in kwaɗa masa muciya.

Ana cikin haka sai Malam, mahaifinsa, ya aiko Inna da wani ƙunshi a naɗe cikin jemammiyar fatar akuya, ya ce a sa a ƙasan akwati. Ina warwarewa na gane shi. Zugu ne fari, ni da hannuna na kaɗa zarensa a shekarar da ta wuce, maigida ya saƙa, tsohon ya ajiye a ɗakinsa don ranar da za a kai shi makwanci. Likkafaninsa ne ya ba ɗansa. Haka al'adar matafiya take, mai zuwa Makka ma da nasa yake tafiya, na sani sarai. Amma sanin abu daban, a miƙo maka shi a ce ka ninke wa mijinka mai rai daban. Na ji kamar in na sa shi na yarda ke nan ba zai dawo ba.

Ga shi ba ni da bakin yi wa suruki musu. Ko haɗa ido ba ma yi, in na ji takunsa sai in kauce, sunansa ma ba na kamawa. Saboda haka sai na yi abin da zan iya. Na shirya kaya tsaf, na rufe akwati, na ɗora ƙunshin a kan murfi kamar wuri ne ya ƙare. Ina fita daka, Inna ta shigo ta buɗe ta mayar da shi ƙasa. Na dawo na fitar, ta sake shigowa ta mayar. Ba wadda ta ce wa wata uffan, muna gaisawa da fara'a, muna cin tuwo, ƙunshi yana shiga yana fita. Koren nan kuwa ya sha ninki har sheƙinsa ya fara dushewa a bakin karin.

Da na ga kaina zai fashe, sai na roƙi izinin zuwa Dutsin-Ma, na ce zan gaya wa dangina zancen tafiyar su sa albarka. Gaskiyar ita ce kawuna nake son gani. Shi kaɗai ne a danginmu ya taɓa yin nisa, don lokacin yaƙin Jamus an kama shi ɗaukar kaya, ya bi soja har wasu duwatsu can gabas. Na bi ayarin masu jakai da ke zuwa cin kasuwa. Gero ya ƙosa a lokacin, ana ta gasa tumu a gonaki, damina tana shirin sallama. Mun wuce Birchi da kaɗan sai hadari ya taso, ruwa ya kece. Nan da nan mazan suka yi abin da kowane namiji a ƙasarmu yake yi, suka tuɓe riguna suka ninke, wani ya cusa tasa a ƙarƙashin malafa, wani a cikin ƙwarya, suka ci gaba da tafiya daga su sai wando, suna raha. Da ruwan ya ɗauke rana ta fito, kafin mu kai rafi na gaba jikinsu ya bushe, kowa ya mayar da rigarsa. Tun ina yarinya nake ganin haka ban taɓa kawo komai ba, amma ran nan sai gabana ya faɗi, don na hango maigida yana yin haka a Ingila.

Na iske Kawu a ƙofar gida yana gyaran igiyar jaki. Bayan an gaisa an sha fura, na tambaye shi ko da gaske akwai inda sanyi da ruwa ke haɗuwa. Ya ce shi Ingila bai san ta ba, amma a kan duwatsun nan ya gani da idonsa. Ya ce ruwan ba irin namu ba ne da zai zo da tsawa ya yi abinsa ya wuce, yayyafi ne siriri, ya wuni ya kwana, rana ba ta leƙowa, rigar da ta jiƙe yau jibi ma a jiƙe take.

Ya ce, "Ɗiyata, mutanen da muka baro can, mahi yawansu ko harsashi bai taɓa su ba. Ƙato shina tahiya lahiya lau, shi tuɓe riga don kar ta jiƙe, kwana kaɗan sai haƙarƙari."

Na ce, "To Kawu, mi za ni yi?"

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani bargo na soja, toka-toka, mai kauri da kaushi, yana warin hayaƙi da tsufa. Ya ce gashin tumaki ne, ko ya jiƙe ba ya sakin ɗumi, shi ya dawo da shi gida. Na karɓa da hannu biyu ina hawaye. Matarsa ta so in yi kwana biyu, na ce a'a, gari na wayewa na kamo hanya. A hanyar ma ban bar masu jakai sun huta ba, duk inda suka tsaya shan inuwa ni ina tsaye da bargo a kai.

Ina isa gida ko ƙafa ban wanke ba na jawo akwati. Na zazzage komai, na sa bargo, na sa kore, murfi ya ƙi rufuwa. Na rage kuka da daddawa, ya ƙi. Na hau kai na zauna, ya ƙi. Na cire ƙunshin Malam, sai ga murfi ya kwanta lafiya lau. A raina na ce to, magana ta ƙare, yanzu ina da hujja. Na ɗora ƙunshin a sama, wannan karon har da ɗan ƙarfin hali na bar ƙofa a buɗe don Inna ta gani.

Ta gani kuwa, amma ba ta taɓa shi ba. Bayan la'asar ina tankaɗe a gindin danga, sai na ji muryar Malam daga ɗaya gefen. Da Inna yake magana, amma ya ɗaga murya daidai yadda zan ji, don haka surukai ke yi in suna son su gaya maka abu.

Ya ce, "Ki hwaɗa wa yarinyar nan, na ga bargonta, Allah shi yi mata albarka. Ni ma so nike shi dawo, ni na haihe shi. Amma ƙasar da za shi, in ta Allah ta kasance, ba wanda za shi shiga kasuwa shi nemo mishi sutura. Ba ni iya kwana da tunanin an rufe mini ɗa haka nan."

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Ni da nake ɗauka tsohon ya riga ya sallama ɗansa ne, sai na gane ashe tsoro ɗaya ke cin mu, kowa da inda nasa ya dosa. Na bar rariya a ƙasa na shiga ɗaki, na zauna tsakanin bargo da likkafani ina kallon wannan ina kallon wancan. Kore ba ya fituwa, umarnin hakimi ne. Can sai maganar ɗan aike ta dawo mini, cewa abin da ke jikin mutum ba a hana shi.

A wancan zamani ɗinki aikin maza ne, ni ko allura ban iya riƙewa ba. Da maigida ya shigo na miƙa masa bargo na ce ya yanka ya ɗinka taguwa mai dogon hannu, wadda za ta rufe ƙirji har wuya. Ya dube ni ya ce a wannan zafin? Na ce a wannan zafin. Ya ga idona, ya san ba ranar wasa ba ce, ya ɗauko almakashi. Na tsaya a kansa har ya gama, in ya yi ɗinki mai faɗi in ce ya warware.

Yana cikin gwadawa a zaure sai ga maƙerin Rawayau ya zo su daidaita ranar tashi. Ƙato ne mai fara'a, murya kamar ganga, irin mutanen da in sun shigo gida sai kowa ya sami abin dariya. Ina jin su daga bayan ƙofa. Ya ce wa maigida yanzu kam ya zama tunkiya sosai, saura a kai shi kasuwa. Ya ce shi wanda ya wuni a bakin wuta sanyi ba ya kama shi, in ruwa ya zo kuwa zai yi yadda ubansa ke yi. Akwatinsa ma, in ji shi, ko cika bai yi ba, rigunan ado ne da dambun nama, uwargidansa ta shirya shi a wuni ɗaya ta koma harkarta. Ba zan ɓoye ba, na ji kishin matar nan da ban taɓa gani ba. Na ce ka ji mai kwanciyar rai, ni ga ni nan na rame a kan akwati.

Ranar tafiya da safe ni da kaina na ɗauki ƙunshin Malam, na ƙara ɗaure fatar, na sa shi a ƙasa, na jera sauran a kai. Maigida ya fito da taguwar bargo a ƙarƙashin riga, tun kafin ya kai ƙofar gida gumi ya wanke masa fuska, yana ta susa. Inna ta ce na mai da mata ɗa jakin kaya. Mutane sun cika zaure ana addu'a, ni kuwa a soron ciki na sami dama na ce masa abu ɗaya, na ce ko rigar ta jiƙe ta lalace, kada ya tuɓe a cikin ruwa. Ya ce ya ji. Na ce ya rantse. Ya yi murmushi ya rantse.

Daga nan aka shiga jira. An ce daga Katsina sai Kano, daga Kano jirgin ƙasa zuwa Ikko, sannan jirgin ruwa, ni duk sunaye ne a wurina. Aka yi girbi, aka kai amfani rumbu, ni ban san yadda aka yi ba. In na shanya wanki na ga ya bushe kafin in juya, sai haushi ya kama ni, in ce ga rana nan tana ta zuba a banza inda ba a bukatarta. In wani ya yi tari a maƙwabta sai in miƙe tsaye. Na kaɗa zare a watannin nan fiye da na shekara biyu, don hannuna ya ƙi zama, rabinsa ma duk ƙulli ne.

Sai da zafin bazara ya fara sannan ya dawo. Ya rame, ya yi haske, yana ɗan tari, amma da ƙafarsa ya shigo. Gida ya cika da guɗa, ni kuwa kunya ta hana ni fitowa, na jawo akwatin ɗaki na buɗe don in sami abin yi. Koren nan ya zuba, shuni ya ɓata wando da rawani, komai yana warin danshi. Taguwar bargo tana sama, gwiwar hannu ta huje. Na kai hannu ƙasa na ɗauko fatar akuya, na ji ta sakayau. Babu komai a ciki.

Da mutane suka ragu ya shigo ya same ni da fatar a hannu. Ya zauna a bakin gado, ya ce maƙerin ne. Ya ce ƙasar yadda Kawu ya faɗa haka take, har ta fi. Shi taguwar nan bai rabu da ita ba, Turawa na dariya, 'yan'uwansa na dariya. Maƙeri kuwa yakan wuni a bakin wuta, ya fito da gumi cikin yayyafi, ya tuɓe rigar adonsa ya ninke a hammata don kada ta lalace, ya taka har masauki. Da ciwon ya kwantar da shi maigida ya cire taguwar ya sa masa, amma ta makara. Sauran Musulmin da aka je da su suka yi masa wanka, aka buɗe akwatinsa ba a sami abin rufa shi ba, sai maigida ya warware fatar. Ya ce duk danshin ƙasar nan bai taɓa zugun ba, fari fat ya fito.

Muka je Rawayau gaisuwa ni da Inna. Labari ya riga mu isa ta gidan hakimi, matar tana cikin takaba, 'yar siririya, ta zauna a kan tabarma ta haɗa kai da gwiwa. Da aka gaya mata ko ni wace ce, sai ta jawo hannuna ta matso da ni kusa. Ba ta tambayi ciwon ba, ba ta tambayi kayansa ba.

Ta ce, "Yaya, uwarshi ta ba ni likkafani in sa mishi, na ɓoye. Na ce in na sa kamar na kira mishi ne. Tun da aka hwaɗa mini ban runtsa ba. Don Allah, da mi aka rufe shi?"

Ashe matar da na yi wa kishin kwanciyar rai, abin da na yi ta yi ita ma shi ta yi, sai dai ita ba a mayar mata da ƙunshin ba. Na riƙe hannunta na ce an yi masa sutura cikakkiya, zugu sabo, fari, ba tabo ko ɗaya. Ta dube ni kamar tana tsoron lallashi ne kawai. Na ce, "Ni na kaɗa zaren da hannuna." Sai a lokacin ta fashe da kuka, Inna ta ce a bar ta ta yi.

Da muka dawo, Malam ya aiko Inna da auduga, ya ce a gaya wa yarinyar nan tsoho ba shi da na kansa yanzu. Na karɓa na kaɗa, kuma ban taɓa yin zare mai kyau irin wannan ba.

Tun daga ranar na shirya wa mutane da yawa kaya, 'ya'ya da jikoki, masu zuwa Makka da masu zuwa karatu. Abin da na koya shi ne, in za ka sallami naka, ka sa masa abin da zai dawo da shi gida, ka kuma sa masa abin da zai rufa masa asiri in bai dawo ba, don sa na biyun ba ya kiran komai, rashinsa ne ke hana na gida barci. Kuma duk wanda ya zo yi mini sallama, ko ina za shi, sai na ce masa in ya ga ruwan da ba irin na garinsu ba, kada ya tuɓe riga.